Harshen da Ba a Magana da Shi Tsatsa Yake Yi, Ko a Bakin Malam

 

Batunmu na yau ya taso ne daga wasiƙar wata ɗaliba 'yar aji uku na ƙaramar sakandare da ta rubuto mana daga Bakura. Ta ce shekara uku ke nan ana koya musu Larabci a makaranta. Tana cin gwaji, tana iya ware mubtada'i da habari a cikin jimla, amma in aka ce ta faɗi abin da ta karya da shi da safe cikin Larabci, sai bakinta ya mutu. Ta rufe wasiƙar da tambaya: laifinta ne ko laifin malaminsu?

Ƙanwarmu, mun gode da wannan tambaya, domin ta taɓo mana wani tabo. Za mu ba ki amsa a ƙarshe, amma ki yi haƙuri mu fara da wani abu da ya same mu.

Takardar Maradi

A wani hutu muna gida Gidan Goga, kawunmu ya dawo daga Maradi, inda ya kai iyalinsa asibiti. Kun san Maradi ba baƙon wuri ba ne ga mutanen Zamfara. A kasuwa da tasha Hausa ake yi, ba ka buƙatar tafinta. Amma da zarar magana ta hau takarda, sai ta koma Faransanci. Haka kawu ya dawo da takardar likita da ledar magani, bayanin da aka yi masa da baki kuma ya cakuɗe masa a hanya.

Bayan la'asar ya sa aka kira mu zaure, ya miƙo takardar ya ce, "Ku da kunka yi boko, ku duba mani, mi takardar ga ka cewa?"

Mu da muka yi shekara uku muna darasin Faransanci a ƙaramar sakandaren da muka yi a wani gari na yankin nan, har da sakamako mai kyau, muka yi ta juya takarda. Mun gane kwanan wata. Mun gane kalmar safe da ta yamma. Amma ƙwaya nawa za a sha, kafin abinci ne ko bayansa, yaushe za a koma ganin likita, duk sun gagare mu. Kawu bai yi faɗa ba. Ya karɓi takardarsa ya ninke, ya ce, "To, Allah Shi sa albarka." Da ma faɗan ya yi, da ya fi mana sauƙi.

Washegari muka bi mota muka nemi tsohon malaminmu na Faransanci. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ɗauko tabarau da wani ƙamus da bangonsa ya rabu, ya bi takardar layi-layi. Sau biyu ya tsaya ya buɗe ƙamus. Ya rubuta mana bayanin da Hausa tsaf, ya kuma ja kunnenmu cewa mu nuna wa ma'aikacin lafiya kafin a ci gaba da shan maganin. Mun tashi za mu tafi ya ce mu zauna.

"Yarana, kun ga na buɗe ƙamus ko? Da ina sabon fitowa daga makaranta, da ko kallonsa ba zan yi ba. Rabon da in zauna hirar minti goma da Faransanci da wani babba kamata, tun ina ɗalibi. Tun da na kama aiki sau biyu aka kira ni bita, duka biyun a kan cike rajista da rubuta tsarin darasi, an haɗa mu ɗaki ɗaya da malaman lissafi da na kimiyya. Ba wanda ya ce mini ko sannu da harshen da nake koyarwa."

Muka ce, "Malam, ai kai kake koya mana."

Ya yi murmushi ya ce, "Ni kuma wa ke koya mini?"

Wannan tambaya ita ce batunmu na yau. Malamin lissafi in ya zauna shi kaɗai da littafi da alƙalami zai iya wasa ƙwaƙwalwarsa. Malamin harshe kuwa sai da abokin magana. Harshe kamar lauje yake: in aka rataye shi damina biyu ba a yi yanka da shi ba, tsatsa za ta ci bakinsa, ko da maƙerin da ya ƙera shi gwani ne.

Yadda ake samar da malamin harshe

Da farko ya kamata ku san dalilin da ya sa waɗannan darussa suke cikin jadawalinku. Nijar, Benin, Chadi da Kamaru, wato duk ƙasashen da muka yi iyakar ƙasa da su, suna aiki da Faransanci a ofisoshinsu da makarantunsu. Jihar Zamfara kanta ta yi iyaka da Nijar ta arewa. A ƙarshen 1996 Janar Sani Abacha ya bayyana cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Najeriya, kuma kundin manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2004, ya sanya shi cikin darussan firamare da ƙaramar sakandare, ya sanya Larabci cikin darussan zaɓi. Ko a 2025 da Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Larabci kuwa, bayan matsayinsa a addini da tarihinmu, yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1973, kuma da shi ake ciniki da neman magani da karatu daga Alƙahira har Jidda.

Wanda zai koyar da ɗayan harsunan nan yakan bi ta kwalejin ilimi ya sami takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, ko ya bi ta jami'a. A jiharmu muna da Kwalejin Ilimi ta Maru da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau. To amma masu tsara ilimi sun daɗe da gane cewa aji kaɗai ba ya sa mutum ya iya magana. Shi ya sa Gwamnatin Tarayya ta kafa Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagry ta Jihar Legas a 1991, ta kuma kafa Ƙauyen Koyon Larabci a Ngala ta Jihar Borno, wanda rikicin Boko Haram ya tilasta masa komawa Maiduguri. Ɗaliban jami'a masu karanta waɗannan harsuna sukan je can a aji uku, ɗaliban kwaleji kuma su yi ɗan gajeren zama. A can ana so ka sayi abinci, ka yi gardamar ƙwallo, ka nemi uzuri, duk da harshen da kake koyo. Abokanmu da suka dawo sukan ce watannin nan sun fi musu shekaru biyun farko amfani wajen buɗewar baki.

Ku lura da abin da ke biyo baya. Mutum ya dawo da harshe ɗanye shakaf a bakinsa, an ɗauke shi aiki, an tura shi makarantar ƙauye. Shi kaɗai ne malamin Faransanci a makarantar, wataƙila ma a gundumar baki ɗaya. A ɗakin malamai Hausa ake yi da Turanci. A aji kuma gaisuwa ce da ƙirga da sunayen ranaku, bana kamar bara. Bayan shekara goma, Faransancinsa ya koma daidai da na littafin aji uku, domin shi kaɗai yake maimaitawa. Mun yarda ɗalibi sai ya nutsa cikin harshe kafin ya iya shi, amma mun ɗauka nutso ɗaya zai ishi malami duk tsawon aikinsa.

Malaman Larabci tasu matsalar daban take. Da yawansu sun fito daga gidajen ilimi, sun sauke littattafai a zaure, sun san nahawu da sarfu fiye da yadda jarrabawar makaranta take buƙata. Hanyar da suka yi karatu da ita, wato a karanta kalma a fassara ta da Hausa, ta fitar da manyan malamai masu fahimtar nassi, kuma ba abin rainawa ba ce. Sai dai an gina ta ne don karanta littafi. Koya wa yara 70 su tambayi juna farashin tumatir da Larabci cikin minti 40 wata sana'a ce daban, kuma ita ma koyonta ake yi.

Abin da Maru ta koya mana

Kada ku ɗauka komawar malami aji sabon abu ne da Turawa suka kawo jiya. Ga misali daga ƙasarmu ta Zamfara. Marigayi Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin Gummi, ya yi karatu a gaban mahaifinsa, ya yi makarantar Midil ta Sakkwato, ya kuma yi Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934 daga baya ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Ya koyar a Maru a 1949. Duk da haka, a 1954, yana cikakken malami mai ɗalibai, ya tafi Sudan tare da wasu abokan aikinsa, suka shiga cibiyar horar da malamai ta Bakht er-Ruda. Can ya zauna cikin masu magana da Larabci dare da rana, ya kuma koyi dabarun koyarwa. Mutumin da ya yi wannan tafiya shi ne daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa, ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987.

A Marun nan dai, a shekarun nan, akwai Malam Aminu Kano a makarantar horar da malamai. Shi ma yana cikin aikin koyarwa ya tafi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1946, kuma shi ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, domin malamai su riƙa haɗuwa suna duba sana'arsu da haƙƙinsu.

In waɗannan ba su ga ƙasƙanci a komawa benci ba, wane ne zai gani? Gemu ba ya hana ilimi. Darasin da muka ɗauka daga tarihinsu shi ne abu biyu ke raya malami: a kai shi inda ake magana da harshen, a kuma haɗa shi da 'yan uwansa masu sana'a ɗaya.

Bita akwai, amma wace iri?

Ba za mu ce ba a yin komai ba. Akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976 musamman don ƙara wa malaman da ke bakin aiki ilimi. Akwai hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, da ke neman malami ya riƙa sabunta iliminsa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, kuma a ciki akwai kason horar da malamai, wanda ke bi ta hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi. Ga Faransanci akwai cibiyar horar da malamansa a Jos, da cibiyar Alliance Française a Kano. A nan Zamfara, Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamban 2023.

Tambayarmu ita ce, nawa daga cikin wannan yake isa bakin malamin harshe a Gidan Goga ko Bakura ko Jangebe? Ga abubuwa uku da muke ganin suna tare hanya.

Na ɗaya, yawancin bita ta kowa da kowa ce. Ana koyar da tsarin darasi da kula da aji, kuma suna da amfani. Amma in kuɗi ya yi kaɗan, Turanci da lissafi da kimiyya ake fara dubawa, domin su ne ke hana ɗalibi shiga jami'a. Malamin Faransanci da na Larabci sai su zama 'yan rakiya.

Na biyu, yadda ake saukar da horon. A horar da mutum kaɗan a Abuja, su zo su horar da wasu a babban birnin jiha, waɗannan su sauka ƙaramar hukuma, na ƙarshe ya koma makaranta ya ba abokansa labari. Duk wanda aka taɓa aika da saƙon baka ta hannun mutum huɗu ya san yadda yake isa. Saƙon yadda ake cike fom zai iya jure wannan tafiya. Lafazi da saurin fahimtar magana kuwa ba sa bin ɗan aike.

Na uku shi ne wanda ya fi mana ciwo, wato tsaro. Ba sai mun tuna muku ranar 26 ga Fabrairun 2021 ba, da aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A Agustan shekarar aka kai hari Kwalejin Noma ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a sakandaren Kaya ta Ƙaramar Hukumar Maradun, aka rufe makarantun jiha, aka kuma katse layukan waya na makonni da dama. Wasunku a lokacin kuna firamare, amma kun san zaman gidan da aka yi. Malamin da ke lissafin wace hanya zai bi ya dawo lafiya ba zai yi murna da takardar gayyatar kwana biyar a garin da ke nesa ba, musamman in kuɗin mota daga aljihunsa zai fita. Wanda kuma aka ce ya yi kwas ta intanet, ina layin, ina kuɗin data? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da muke roƙo

Mu ɗalibai ne, ba mu riƙe da kasafin kuɗi. Amma mun zauna a bencin da kuke zaune, kuma muna ganin roƙonmu bai fi ƙarfin hukuma ba.

A haɗa malaman harshe ɗaya na Talata Mafara da Bakura da Maradun wuri guda sau ɗaya a wata, da rana, kowa ya kwana gidansa. Ranar Talata ta dace, domin ranar kasuwar Mafara ce, motoci suna da yawa, mutane suna tafiya cikin jama'a. Abin da ake buƙata daga shugabannin makarantu shi ne su sauke wa malamin darussan ranar, hukuma kuma ta biya kuɗin mota. Doka ɗaya za a kafa a zaman: daga shiga har fita, ba Hausa ba Turanci. A yi hira, a saurari labarai, a yi gardama, sannan mutum ɗaya ya tashi ya koyar da darasin da zai yi mako mai zuwa, sauran su zama ɗalibansa, su gaya masa inda suka ɓace.

Abokan hira ba su yi mana wuya ba. Garuruwanmu cike suke da mutanen da suka yi karatu a Madina da Azhar da Khartum da Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar. Akwai 'yan Nijar da suka yi boko can suna zaune cikinmu suna sana'a. A gayyace su zaman, a girmama su da ɗan abin hasafi. Sau da yawa abin da muke hange a Legas yana bayan gidanmu.

A lokacin dogon hutu, a riƙa tura malamai kaɗan-kaɗan Badagry ko Maiduguri ko Jos ko Kano na makonni uku ko huɗu, bisa layi a bayyane, kowa ya san shekararsa. Zaɓen ya bi darasin da mutum yake koyarwa, kada alawus ya sa a tura wanda bai taɓa riƙe allin darasin ba.

A auna matakin kowane malami kafin horo da bayansa. Turai ta fitar da ma'auni mai hawa 6 tun 2001, daga A1 na mai farawa zuwa C2 na gwani, kuma jarrabawar DELF ta Faransanci a kansa take tafiya. Amma a yi hattara. Tun da Jihar Kaduna ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan gwajin 2017, kalmar gwaji tana faɗar wa malamai da gaba. A fito fili a ce wannan awon irin na likita ne, don a san maganin da za a bayar, kuma wanda ya hau mataki a saka masa da ƙarin girma.

A ba kowane malamin harshe ƙaramar rediyo mai cin memori da hasken rana, a cika memorin da hirarraki da labarai da darussan saurare. Wannan ba ya buƙatar layin waya. Jarrabawar Faransanci ta WAEC tana da ɓangaren saurare da magana, to ta yaya ɗalibin da bai taɓa jin muryar kowa ba sai ta malaminsa zai fuskance ta?

Daga ƙarshe, bayan bita a biyo sawu. Wani gwani ya zo ajin, ya zauna a baya, ya ga ko abin da aka koya yana aiki da yara 70 da allo ɗaya, ya ba da shawara cikin mutunci. Bitar da ta ƙare da hoto da takardar shaida, a bango take ƙarewa.

Ku ma kuna da rabo

Kada ku ce wannan maganar manya ce. Ku ne mutanen da malamin harshe ya fi gani a rayuwarsa, don haka ku ne abokan hirarsa na farko.

Ku fara da gaisuwa. In kun haɗu da shi a hanya, ku gaishe shi da harshen da yake koyarwa, ku ƙara jimla ɗaya a kai, ko da karyayya ce. In ya gyara muku, kun ƙaru, shi ma ya motsa bakinsa.

Ku roƙe shi minti biyar na farkon kowane darasi ya zama na magana zalla. Ku juya biyu-biyu, kowa ya tambayi na kusa da shi: me ka ci, ina za ka je bayan an tashi, nawa ka sayi takalminka. Aji zai yi hayaniya, amma hayaniya ce mai amfani.

Ku daina dariyar wanda ya yi kuskure. Mun san halinmu, wani ya karya kalma ɗaya, sunan ya bi shi har ya gama makaranta. Wannan dariya ita ce ta rufe bakin da yawa daga cikinmu. Haka kuma in malam ya ce bai san wata kalma ba, zai duba, kada ku raina shi. Wanda ya buɗe ƙamus a gabanku ya koya muku yadda ake neman ilimi.

Ku kafa ƙungiyar Larabci ko ta Faransanci, ku nemi malam ya zama uban ƙungiya. Ku shirya ɗan wasan kwaikwayo ko muhawara ranar 18 ga Disamba, ranar Larabci ta duniya, ko ranar 20 ga Maris, ranar masu magana da Faransanci. Masu waya a gida su ari ta iyaye su ɗauko shirin labarai cikin sauƙaƙan Faransanci da gidan rediyon RFI yake yi, su tura wa na ƙungiya.

Ku kuma lura cewa ba daga fili kuke farawa ba. Littafi, alƙalami, darasi, hukunci, duk daga Larabci muka aro su. Ko Talatar da ke cikin sunan Talata Mafara daga kalmar Larabci ta uku ta fito, wato rana ta uku a mako. 'Yan uwanmu na Maradi kuwa makaranta lakwal suke ce mata, littafin rubutu kaye, malamin boko kuma mushe. Kada ku yi dariya, ba mushen da kuka sani ba ne, kalmar girmamawa ce ta Faransanci bakin Bahaushe ya murɗe ta. Ku tara irin waɗannan kalmomi ku kai wa malam, ku nemi asalinsu tare.

Sannan ku kai maganar gida. A taron iyaye da malamai akan yi zancen rufin aji da kujeru. Ku roƙi iyayenku su ƙara tambaya ɗaya: yaushe rabon da a tura malamin Larabci ko na Faransanci ƙaro ilimi a kan darasinsa? Abin da iyaye suke tambaya shi hukuma take ji.

Amsarki, ƙanwarmu

Yanzu mu dawo kan wasiƙar Bakura. Ba laifinki ba ne, domin abin da aka auna ki a kansa kin iya. Malaminku ma da wuya a ɗora masa duka, domin mai yiwuwa yadda aka koya masa yake koya muku, kuma tun da ya kama aiki ba a sake zaunar da shi an nuna masa wata hanya ba. Amma dukanku kuna da abin yi. Gobe in ya shigo aji, ki ɗaga hannu ki ce, cikin ladabi, "Malam, don Allah ka koya mana yadda za mu faɗi abin da muka ci yau da Larabci." Ki rubuto mana abin da ya biyo baya.

Mu kuma mun yi wa kanmu alƙawari. Duk hutun da muka zo gida za mu ziyarci tsohon malaminmu, mu yi hirar rabin sa'a da Faransancinmu mai ɗingishi, shi ya gyara mana, mu kuma mu kai masa abin da muka ɗauko a memori. Iyalin kawu ta warware, alhamdu lillahi. Amma akwai ranar komawa Maradi, kuma wata takardar za ta sake zuwa zaure. Muna so ranar nan mu karanta ta da kanmu.

Masu son ba mu labarin yadda darasin harshe yake a makarantarsu, ƙofa a buɗe take, sai dai kada a ambaci sunan malami.